Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƙannena masu haɗa kayan barin gida

Assalamu alaikum ƙannena maza da mata,

Ya shirye-shirye? Wannan wasiƙar taku ce, ku da tafiya ta kama, wani gurbin karatu ya samu, wani aiki ne ya kira shi, wata aure ne zai ɗauke ta zuwa wani gari, wani biza ce ta fito bayan ya gaji da jira, wani ma ba ko ɗaya cikin waɗannan kawai dai ya ga zaman ba ya yi masa ne ya ce bari ya taɓa wani wurin ko Allah zai sa a dace. Dukkanku ina taya ku murna, Allah Ya sa alheri ne ya kira ku. Ni na riga ku fita shi ya sa na ga ina da bakin magana, kuma tun kafin wani ya murguɗa baki bari in faɗa, ban zo in ce kar ku tafi ba. Ku tafi abinku. Ba a kanku farau ba, ba kuma a kanku ƙarau ba, hukumar kula da ƙaura ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 281 ne ke zaune a ƙasar da ba a nan aka haife su ba, wannan fa waɗanda suka tsallake iyaka ne kaɗai, ba a sa masu barin wannan gari su koma wancan a cikin ƙasa ɗaya ba, su ɗin sun ma fi yawa nesa ba kusa ba.

Maganata a kan 'yan watannin nan ne da suka rage muku, ko makonni, daga ranar da takarda ta fito zuwa ranar da za ku ja ƙofa. Kwanakin nan ba na inda za ku ba ne, can ɗin yana nan ba inda za shi, za ku je ku zauna a cikinsa har ya ishe ku. Kwanakin nan na mutanen da za ku bari ne. Amma abin da nake gani shi ne daga ranar da aka ce tafiya ta tabbata shi ke nan, gangar jiki ce kawai a gida, hankali ya riga ya yi gaba, waya a hannu dare da rana ana duba haya, ana duba sanyin garin, ana gurup ɗin waɗanda suka riga ku zuwa ana tambayar wane irin takalmi ake sawa, mahaifiya tana ba ku labari kuna "eh, eh, haka ne" ido na kan sikirin, ƙane ya zo zai nuna muku wani abu ku ce ya bari sai anjima, kun mai da gidan ubanku tasha, kuna zaune ne kawai kuna jiran mota ta cika. Sannan ga wani abu da ke biyo baya wanda ya fi wannan muni, wato raini. Komai na gida sai ya fara ba ku haushi, hayaniyar yara, baƙon da ya zo bai buga waya ba, tsohon da ya tsare ku a hanya da doguwar gaisuwa, sai ka ji mutum yana cewa ai saura kaɗan in huta da wannan. To za ka huta ɗin kuwa, hutun da sai ka neme shi da kuka a tashe ka.

Bari mu yi ɗan lissafi, ba mai wahala ba ne. A ce aiki ko karatu yana barinka ka zo gida sati 2 a shekara, kuma a ce ba shekarar da kuɗin tikiti ko takarda ta hana ka, wanda ai kun san ba haka abin yake ba. Shekara 20 a haka sati 40 ke nan. Bai kai shekara ɗaya ba. Yanzu dubi mahaifinka ka ƙiyasta shekarunsa, dubi kakarka idan Allah Ya sa tana raye. Ni ban san gawar fari ba, ta yiwu ma ku ne za ku riga su, amma ko da Allah Ya ja da ran kowa, wata 3 ɗin nan da kuke ƙagara su wuce sun fi hutun shekara 6 idan aka haɗa. Kuma shi hutun ai ba zama ba ne, rabinsa gajiyar hanya, rabinsa zagayen gaishe-gaishe, kana baƙo a gidanku ana ta lallaɓa ka, kafin ka saki jiki har ranar komawa ta zo.

Na san abin da za ku ce, ai akwai waya, akwai WhatsApp, kullum sai mu yi bidiyo. Gaskiya ne kuma mun gode Allah, waɗanda suka tafi kafin zuwan waɗannan abubuwan wasiƙa suke jira wata da watanni. Amma bari in gaya muku yadda kiran yake idan an kwana biyu. Za ka kira, ƙaninka ya ɗauka ya ruga ya kai wa baba, baba ya riƙe wayar dab da fuska goshinsa kawai kake gani da rabin silin, ya ce kana ji na? ka ce ina ji, ya ce to ya aiki, ka ce lafiya lau, ya sanyi, ka ce da sauƙi, ka ce ya jiki ya ce lafiya ƙalau wallahi, sai sabis ya ɗauke, ka sake kira a sake gaisawa daga farko, daga nan sai a yi shiru ana kallon juna sai ya ce to ga mamanku. Minti huɗu an gama. Sai bayan wata biyu wata ƙanwa ta yi suɓutar baki tana wani zancen ta ce ai lokacin da baba yana asibiti, kai kuma ka tsaya, wane asibiti? Ashe ranar da ya ce maka lafiya ƙalau ɗin jiya aka sallamo shi, an haɗa baki ne kar a tayar maka da hankali. Su ma ba laifinsu ba ne, kai ma haka za ka riƙa yi musu, ranar da ka kwana da zazzaɓi kai kaɗai a ɗaki murya za ka gyara ka ce komai lafiya. Kowa na ɓoye wa kowa saboda ƙauna, a haka a haka sai ya zama labarin da kuke ba juna tacacce ne, an cire masa duk abin da ke da nauyi. Wanda yake gida ba ya buƙatar a gaya masa, yana ganin yadda baba yake dafa bango kafin ya miƙe, yana ganin an fara kira masa sunan magani, yana jin tarin da ya canza.

Abin da waya ba ta ɗauka shi ne zaman da ba shi da dalili. Ka shigo ka samu wuri ka zauna, mahaifiyarka na ninke kaya, ba wanda ya ce wa wani komai, can ta tuna wani abu ta faɗa, ku yi dariya, a sake yin shiru. Ba a kiran waya don a yi shiru. Kuma a irin wannan zaman ne ake jin maganganun da ba a jin su a wani wuri, yadda aka yi ta auri babanku, ɗan da ta rasa kafin a haife ka wanda ba ka taɓa sanin an yi shi ba, abin da take tsoro. Ba za ka taɓa samun wannan a kiran minti huɗu ba ko da kuwa data kyauta ce.

Wani malami a Jami'ar Kansas ta Amurka, Jeffrey Hall, ya yi bincike da ya fito a 2018, kuma abin da ya ja hankalina shi ne irinku ya bi, wato mutanen da ba su daɗe da komawa sabon gari ba da kuma ɗaliban da suka shiga jami'a. Ya gano cewa kafin wanda ka sani sama-sama ya zama ɗan abokin hira sai kun shafe kamar awa 50 tare, kafin ya zama aboki sosai kamar awa 90, aminin da za ka buɗe wa ciki kuwa sai an haura awa 200, kuma awannin da kuka yi kuna aiki a ofis ɗaya ba su cika shiga lissafin ba, sai na hira da zaman nishaɗi. To ku tsaya ku yi tunani, mutanen unguwarku awa nawa kuka yi da su? Ba ta ƙirguwa. Kun same ta ne a ɓagas tun kuna rarrafe, ba ku biya ko sisi ba shi ya sa ba ku san tsadarta ba. Can inda za ku daga sifili za ku fara, kuna aiki ko karatu tun safe har dare, kowa da kuka gani shi ma sauri yake, ku gaya mini ina za ku samo awa 200 ku ba mutum ɗaya, balle mutum goma.

Ranar da abin ya fi bayyana ita ce ranar da aka miƙo maka fom a wajen aiki ko asibiti ko wajen mai gidan haya, kana ta cikewa da sauri, suna, shekaru, adireshi, sai ka iso layin da aka ce rubuta sunan wanda za a kira idan wani abu ya same ka, da lambarsa. Sai biro ya tsaya. Ka ɗauko waya kana ta ja sama da ƙasa, sunaye ɗari-ɗari amma duk wanda ka tabbata zai taso da tsakar dare yana nesa da kai tafiyar yini ko ta jirgi, na kusa kuma kunyar rubuta sunansa kake don ba ku kai nan ba. A gida wa ya taɓa tambayarka wannan? Ko faɗuwa ka yi a bakin titi kafin ka farfaɗo an san ɗan gidan wane ne, an aika, wani ya kawo mota, wani ya riga ya isa asibiti yana jiran ku. Waɗannan mutanen fa yawancinsu ba danginka ba ne, wasu ko cikakken sunansu ba ka sani ba, maƙwabcin da ake bar wa makulli, matar da take leƙowa idan ta ga yau ba a buɗe ƙofa da wuri ba, dattijon da yake tsawata wa yaran layin gaba ɗaya kamar shi ya haife su. Ba a banza ba Manzon Allah (SAW) ya ce Mala'ika Jibrilu bai gushe yana masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a sa shi cikin magada.

Kuma kar ku ɗauka wannan surutun tsofaffi ne. Ƙasashen da da yawanku kuke mafarkin zuwa su da kansu suna kuka da abin. A 2018 Birtaniya ta naɗa minista musamman don matsalar kaɗaici, Japan ta bi sahu a 2021, sannan a 2023 babban likitan gwamnatin Amurka na lokacin, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa kusan rabin baligan ƙasar suna fama da kaɗaici, ya ce illar rashin cuɗanya da mutane ga lafiya ta kai ta shan taba sigari har kara 15 a rana. Akwai ma wani bincike na Jami'ar Harvard da aka fara tun 1938, aka bi rayuwar maza 724 tun suna samari har tsufa, daga baya aka haɗa da matansu da 'ya'yansu, kuma shugaban binciken Robert Waldinger ya ce gamsuwar mutum da alaƙarsa da mutanensa yana ɗan shekara 50 ta fi yawan kitsen da ke jininsa nuna yadda lafiyarsa za ta kasance a shekara 80. Wato abin da gwamnatoci ke ware kuɗi suna neman yadda za su ƙirƙiro shi, shi ne ku kuke zaune a tsakiyarsa kuna tsaki.

Yanzu kar wani ya ce na mai da gida aljanna. A'a wallahi. Inda aka san ka a nan ake sa maka ido, bakin da ke tambayar lafiyarka shi ne ke tambayar yaushe za ka yi aure, me ya sa har yanzu ba haihuwa, nawa ake biyanka. Akwai gulma, akwai hassada, akwai shisshigi, akwai ɗan uwan da ba ya tuna ka sai ƙarshen wata. Wasu kuma a cikinku ba neman arziki ne ya fitar da su ba, cutarwa ce ta gaske suke gudu, duka ko wulaƙanci ko tashin hankali, waɗannan ba zan ce su zauna su yi ta sha'awar abin da ke ƙona su ba, Allah Ya ba su mafita. Amma ko su ɗin idan suka duba da kyau da wuya a ce duk garin ba mutum ɗaya da ya taɓa tsaya musu, wata inna, wani malami, wani aboki. Shi wannan ɗin a je a same shi kafin a tafi. Sauranku kuwa da kawai gajiya kuka yi da surutu, ku sani sa idon da kulawar tare suke zuwa, ba a raba su, inda ba mai sa maka ido nan ne kuma za ka yi kwana uku a kwance ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Kewar gida kuma ba rauni ba ce, kar wani ya yaudare ku da cewa jarumi ba ya waiwaye. Wanda ya fi kowa ƙarfin zuciya da zai bar Makka sai da ya dube ta ya ce ita ce mafi alherin ƙasar Allah kuma mafi soyuwa a wurin Allah, da ba don an fitar da shi ba da bai fita ba. Da suka isa Madina zazzaɓi ya kama Sayyidina Abubakar da Bilal, shi Bilal idan zazzaɓin ya sake shi sai ya ɗaga murya yana baitocin begen kwarin Makka, yana ambaton ciyayinta da ruwanta da duwatsunta da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, garin da aka azabtar da shi a cikinsa fa, har Annabi (SAW) ya roƙi Allah Ya sanya musu son Madina kamar yadda suke son Makka ko fiye. Abin da nake so ku lura da shi, Bilal ya san sunan ciyawar, ya san sunan dutsen. Ku fa? In aka ce ku lissafo gidaje goma na layinku da masu su za ku iya? Akwai kuma mutumin da ya zo yin mubaya'a a kan hijira ya ce ya baro iyayensa suna kuka, aka ce masa ya koma ya sa su dariya kamar yadda ya sa su kuka. Hijira ce fa guda, ba neman digiri ba.

To me nake so ku yi? Ba wani abu mai tsada ba ne. Ku ajiye wayar nan ku zauna da tsofaffinku ku yi ta tambaya, wa ya haifi kakanmu, daga ina suka taso, wance da muke ce wa inna ta ina muka haɗu, me ya raba gidanmu da gidan su wane. Za su ce yau kuma me ya same ka, ku yi dariya ku ci gaba da tambaya, idan suka ɗauko zance ku danna rikodin ku ajiye wayar a gefe, murya ita ce abin da ke fara ɓacewa a ƙwaƙwalwa, fuska akwai hoto amma yadda mutum yake kiran sunanka idan ya tafi ya tafi da shi. Hoto ma ba na ranar kwalliya nake nufi ba da kowa ya tsaya ƙiƙam yana murmushin dole, ku ɗauki gidan yadda yake ranar Talata da hantsi, takalma a bakin ƙofa, kujerar da baba yake zama, tsagar bangon da kuka daina gani don sabo. Ku taka da ƙafa ku zaga unguwar, ku shiga gidajen da kuka daɗe kuna cewa za ku shiga, malamin da ya koya muku karatu kuna ƙanana ku je ku ce masa kun gode, ba sai kun kai masa komai ba, zuwan ya ishe shi ya yi ta ba da labari har shekara. Bashi kuma a biya, ko na kuɗi ko na magana. Wanda kuke gaba da shi a je a shirya tun ana ganin ido da ido, don gabar da aka tafi da ita ba ta mutuwa, ƙara tauri take, saƙon waya kuma ba shi da fuska, ka rubuta da kyakkyawar niyya a karanta shi da wata murya daban.

Abokai ma ku kula da su musamman, don su ne suka fi saurin zubewa. Robin Dunbar na Jami'ar Oxford da abokin aikinsa Sam Roberts sun bi wasu ɗalibai tsawon wata 18 daga gama sakandare zuwa shiga jami'a ko fara aiki, suka ga alaƙar dangi tana jure nisa da rashin haɗuwa, amma abota da zarar an rage magana da yin abubuwa tare sai ta fara sanyi. Ai dama mun sani, zumunta a ƙafa take. Ɗan uwanka ko shekara biyar ba ku gaisa ba yana nan ɗan uwanka, aboki kuwa ba faɗa ba komai sai dai ka ga daga kullum an koma duk sati, an koma sai ranar wani abin farin ciki, an koma danna alamar so a Facebook, wata rana ku haɗu ku rasa abin cewa. Ba duka za ku iya riƙewa ba, kar ma ku yaudari kanku, ku zaɓi biyu ko uku ku gaya musu baki da baki cewa ku fa ba ku yarda a rabu ba. Kuma don Allah a daina yi wa wanda zai zauna kallon wanda ya gaza. Wani zaɓa ya yi, wani dama ce bai samu ba, wani kuma shi ya haƙura don ku ku samu tafiya.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi tsaya mini a rai, kuma a kansa zan fi matsa muku. Duk gidan da wani ya tafi akwai wanda ya zauna, yawanci wata 'yar uwa ce ko ƙane, shi ne mai kai tsoho asibiti, mai bin layin karɓar magani, mai kwana a kan benci, mai shan faɗan tsufa da rigimarsa, mai fasa zuwa wajen aikinsa don an kira shi. Ku kuma za ku turo kuɗi, kuma kuɗin suna da amfani ba wanda ya isa ya raina su, Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2023 kuɗin da mazauna waje suka aika ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi sun kai kusan dala biliyan 656, sun ninka tallafin da ƙasashe masu arziki ke bayarwa, da su ake biyan makaranta da asibiti da rufin ɗaki a gidaje ba iyaka. Amma kuɗi ba sa juya mara lafiya a kan gado, ba sa kai shi banɗaki. Abin takaicin kuma shi ne ranar da kuka zo hutu ku ne 'yan lele, ku ake yi wa shimfiɗa, ku ake sa wa albarka a gaban jama'a, shi kuma wanda ya yi shekara yana wahala yana gefe yana ɗauko muku jaka, har ma wani ya zo daga saukarsa ya fara gyara, me ya sa ba a kai shi wajen likita kaza ba, me ya sa ɗakin nan haka. Haba. In ba za ka iya karɓar dawainiyar na sati biyun nan ka ce masa je ka huta ba, to ka yi shiru ka gode masa.

Kuma kar ku dogara da cewa ai in wani abu ya faru jirgi ɗaya ne. Mun ga 2020. Da annobar korona ta zo ƙasashe suka rufe iyakoki, jirage suka tsaya, Ostareliya ma hana 'yan ƙasarta fita ta yi sai da izini na musamman tun daga Maris 2020 har zuwa Nuwamba 2021, mutane da kuɗinsu da fasfo ɗinsu a hannu suka yi bankwana da iyayensu ta sikirin waya, wasu ko hakan ba su samu ba. Ba ma sai annoba ba, takardar zama da ba ta fito ba ta isa ta riƙe mutum shekaru, in ya fita ba zai iya komawa ba, ko shugaban wajen aiki ya ce ba hutu yanzu.

Don haka kafin ku ɗaga, ku tara 'yan uwanku ku zauna a yi magana ta gaskiya, ba ranar tafiya ba da kowa ke share hawaye, tun da saura. Wa zai riƙa kula da me, nawa za ku iya turowa ba tare da kun yi alƙawarin da zai fi ƙarfinku ba, don watannin farko can ɗin ku ma da ƙyar za ku tsaya da ƙafarku kuma gara su sani tun yanzu. Takardun gida da na asibitin tsofaffi a san inda suke, ku karɓi lambar maƙwabci ɗaya ko biyu ba ta 'yan gida kaɗai ba, ku tsayar da rana da lokacin kira wanda ya dace da su ba ku kaɗai ba, musamman idan agogonku da nasu zai bambanta. Sannan ku roƙe su abu ɗaya ku sa su yi muku alƙawari, cewa in wani ya kwanta za a gaya muku a ranar, ba sai an sallamo shi ba, ku ma ku ɗaukar musu irin wannan alƙawarin a kan kanku. Ku nemi yafiyar iyaye da albarkarsu a zaune a natse, ba a bakin mota direba na danna hon ba.

Allah Ya kai ku lafiya, Ya haɗa ku da mutanen kirki a can, Ya tsare mana waɗanda za ku bari. A gaida mutanen gida.

Wassalam,
Yayanku da ya riga ku fita